Ranar da Yallaɓai Yarjejeniya Ya Nemi Haƙƙinsa

Wanda bai san Yallaɓai Yarjejeniya ba, bai san gatan ma'aikaci ba. Shi ne shugaban sashen ma'aikata a wani kamfanin ɗinka kayan makaranta, mutum mai tumbi da tausayi, ko da yake tumbin ya fi fitowa fili. Kwana uku ya yi a wani taro kan haƙƙin ma'aikata a ƙasar waje, ya dawo da ilimin da zai ishi jikoki. Tun daga nan, ko ruwan sha zai nema sai ya ce, "Bisa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa." Teloli suka raɗa masa sunan, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Adalcinsa ba ya gyangyaɗi. Laccarsa kan haƙƙin hutu a lokacin cin abinci yake yin ta, kowa a tsaye, shi a kujera ƙarƙashin fanka. Ya yaƙi wariya har ya sa aka cire allon "Manya Kaɗai" daga ƙofar banɗaki, sannan ya datse ta da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Wani gwanin tela mai ɗingishi ya zo neman aiki, Yallaɓai ya sallame shi don kare ƙafarsa daga wahalar matakala. Ina za a sami mai jinƙai irin wannan?

Ana nan sai Mai Almakashi ta sami ciki. Ita ke yankan yadi, shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa karkata layi ba, kuma ita teloli suka zaɓa shugabar ƙungiyarsu. Yallaɓai ya kira ta ofis, ya miƙa mata takarda.

"Baiwar Allah, bisa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, jariri yana da haƙƙin ganin uwarsa safe da yamma. Don haka daga ƙarshen wata kin huta gaba ɗaya. Kada ki gode mini, aikina ne."

Ta ninke takardar, ta ce, "Allah ya ƙara girma, Yallaɓai," ta koma kan teburinta.

An ce in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere. Ba a rufa mako ba masu kamfani suka aiko wa Yallaɓai tasa takardar: suna neman sabon jini, shi kuwa furfura ta yi masa yawa. Ya karanta sau uku. Ya zazzage jakar da ya samo a taron yana neman dokar da za ta cece shi. Biro biyu suka faɗo, sai hotonsa yana riƙe da kofin shayi.

Ya sauko ɗakin ɗinki yana haki, ya tsaya gaban Mai Almakashi.

"Ƙanwata, wannan wariya ce tsagwaronta! Wanda ya taɓa ni ya taɓa ma'aikatan duniya kaf!"

"Wane sashe na doka ne ya hana, Yallaɓai?"

Ta jawo aljihun tebur, ta fito da wani ɗan littafin dokar ƙwadago da ya sha hannu har ya yi laushi, ta nuna masa wurin da bakin almakashi.

"Za mu tsaya maka," in ji ta. "Amma takardu biyu za mu kai, taka da tawa."

Washegari teloli suka ajiye aiki, kekunan ɗinki suka yi tsit har azahar. Mai Almakashi ta shiga gaban masu kamfani da cikinta, ta ce ba a korar mace don juna biyu, ba a korar namiji don furfura. In kuwa laifi ne, a kawo aikin da mutum ya ɓata. Nan take aka yaga takardarta, aka ƙara mata da hutun haihuwa. Batun Yallaɓai kuwa sai da aka kwana bakwai ana tonon fayil, sannan aka maido shi kujerarsa.

Ya fito yana hura hanci, ya shaida wa teloli cewa gwagwarmayarsa ce ta ceci kowa. Wasiƙar masu kamfani kuwa ya sa ta a gilashi, ya rataye bisa kansa, duk baƙon da ya shigo sai ya sa shi ya karanta. Ga abin da ta ce:

"Mun bincika shekara ashirin na aikinsa. Ba mu sami abin da ya ɓata ba, domin ba mu sami abin da ya yi ba."