Na'urar Ja'afaru Ba Ta Wuce Yara Huɗu

"...lafiya lau, sai gajiya," in ji Ja'afaru, ya zube kan tabarmar kakarsa Hasiya a Unguwar Shanu ko takalmi bai gama cirewa ba.

A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare ne. Ja'afaru ke rubuta wa kwamfutar ofishinsu umarni a kan katuna masu huji, don ta tattara yaran kowane gida. Sati biyu ke nan aikin ya ƙi. Shugabansa ya ce in Litinin ta yi bai gyara ba, za a tura shi wani ofishi can nesa da Kaduna. Ni dai ban taɓa ganin saurayi ya tsufa cikin sati biyu kamarsa ba.

"Wannan ne mijin nawa?" in ji Hasiya. "Na aika ango aiki, an dawo min da tsumma."

"Tsohuwa, ƙyale ni. Ke da haƙori biyu ya rage miki, ina kika samu bakin zagi?"

"Biyun sun ishe ni cinye albashinka. Me ƙarfen naku ya yi maka?"

"Umarnin da na rubuta mata gurbi huɗu gare shi. Gida mai yara biyar, ta ƙi karɓa. Mai uku, ta tsaya jiran na huɗu. So ake ta karɓi ko nawa aka ba ta."

"Wa ya ce maka huɗu?"

Ya sosa ƙeya. "Mu huɗu ne a gidanmu."

Hasiya ta tafa hannu. "La'ilaha! Ubanka ɗan boko ya tsaya a huɗu, sai ka ɗauka duk Arewa ta tsaya tare da shi? Balaraba ta nan maƙwabta sha ɗaya gare ta. Bakwai ɗin su koma ciki?"

"To na buɗe gurbi ashirin, aikin ya yi nauyi, katuna suka ƙare. Na gaji, wallahi na gaji."

"Ragon miji. Ni shekara hamsin ina rabon tuwo, yau mutum shida, gobe baƙi sun sauka mun zama sha tara. Ka taɓa jin tukunyata ta tsaya jiran wani?"

"Ke ai maita ce."

"Maitar gidanku. Ba na sa mara a tukunya sai na leƙa na ƙirga baki nawa ne. In na sani, sai in yi ta kwasa har adadin ya cika. Kai kana tura wa baiwar Allah yara ba ka gaya mata nawa ke tafe ba."

Ja'afaru ya tashi zaune a hankali.

"A fara ba ta adadin... sannan ta karɓi sunaye ɗaya bayan ɗaya har ya cika."

"Ka ga, da ni suka ɗauka aikin."

"Da ke suka ɗauka, da kin tofa wa katunan goro." Dariya ta kuɓuce masa, ta farko cikin sati biyu. Ya laluba aljihu ya miƙa mata farin goro. "Kin ci, amarya. Na sallama."

Ta karɓa, ba ta ɓare ba. Ta dube shi, muryarta ta sauka.

"Je ka gyara kafin Litinin, ja'iri. In suka kai ka nesa, ni wa zan zaga?"