Ranar da Na Kori 'Yan Tsere Daga Layinsu

Ko zan manta da komai na zamana a Makera, ba zan taɓa mantawa da ranar wasannin makarantar su Jummai ba. A lokacin ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, kuma ban daɗe da sayen wata tsohuwar kyamara a hannun wani abokin aikina ba. Tun daga ranar da na rataya ta a wuya na daina ganin kowa da gashi (fim biyu kacal na taɓa wankewa, rabinsu ma duhu ne).

Maƙwabcinmu Baba Ishaya, dattijo mutumin Zonkwa, yana da shagon hoto a bakin titi. Shi ya ga hotunan da na yi wa wani mai keke, duk sun fito kamar hayaƙi, ya zaunar da ni.

"Ɗana, abin da ke gudu ba a bin sa da saiti," ya ce. "Ka zaɓi wurin da ka san dole zai bi, ka murza gilashin har wurin ya fito tar, ka tsaya. Shi zai zo ya same ka."

Na ce na gane. Gaskiya rabi na ji, don hankalina yana kan yadda zan maimaita maganar a wurin aiki kamar tawa ce.

Jummai 'yar Yayata ce, tana aji huɗu a sakandare, kuma ta kai zagayen ƙarshe a tseren mita ɗari. Mahaifinta, Malam Sani, yana kwance a asibiti da karaya a cinya bayan hatsarin babur, ga shi shi ne ke raka ta atisaye kullum. Da na je duba shi sai ya kama hannuna ya ce, "Tunda ba zan gani da idona ba, ka kawo mini hotonta tana gudu." Na bugi ƙirji na ce ya ɗauka hoton yana hannunsa.

Ranar wasan na isa a makare, filin ya cika. Na hango layin farar ƙasa a gefe guda, babu cunkoso a wurin, na yi ta mamakin yadda sauran masu hoto suka bar mini wuri mai kyau haka suka tattaru can ɗaya ɓangaren. (Ban tambayi kowa ba. Gwani yana tambaya ne?) Na durƙusa, na saita layin har ina ganin ƙwayoyin ƙasa, na manna ido ina jira.

Can sai ga ƙafafu sun cika mini gilashi, suna tafe a hankali, suka tsaya daidai kan layina. Ban ko ɗago ba na fara ɗaga murya.

"Don Allah ku matsa. Nan 'yan tsere za su ƙare, kun tare mini aiki."

Ba wanda ya motsa. Na miƙe a fusace, na kaɗa musu hannu kamar mai korar kaji, har da wani malami mai usur a baki na ce shi ma ya ja baya. Sai na ji an ja gefen rigata.

"Kawu," in ji Jummai, muryarta ƙasa-ƙasa, "mu ne 'yan tseren. Daga nan ake tashi."

Kafin in haɗiye wannan, mai sanarwa ya faɗa a lasifika, da Turanci sannan da Hausa don kada a bar kowa a baya: "Mai hoto mai jar hula, can ƙarshen fili ake gamawa."

Filin nan kaf ya tuntsire da dariya. Da ƙasa za ta yarda ta tsage, da na shige. Ina shirin sulalewa gida sai shugabar makarantar, wata Madam mai farin tabarau, ta aiko cewa a dakata da tseren har in ƙarasa. Haka na taka mita ɗarin nan ni kaɗai, ɗalibai suna tafa mini kamar ni na zo na ɗaya.

A wurin zaren ƙarshe na tarar da Baba Ishaya, makarantar ta ɗauko shi aiki. Bai yi dariya ba. Ya tashi daga inda ya tsuguna ya ce in zauna nan.

"Saita kan zaren. Ka danna kafin ƙirjinta ya taɓa shi, kada ka jira ta iso."

Na saita kan zaren, da suka taso na danna. Jummai ta zo ta biyu, amma hoton ya fito fes, ƙafafunta duka biyu a sama, ɗankwalinta ya zame. Da na kai hoton asibiti, Malam Sani ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa aka jingina masa shi a jikin kwalbar ruwa kusa da gadonsa, duk nas ɗin da ta shigo sai ya nuna mata.

Baba Ishaya ya rasa nasa hoton tseren saboda ni, bai kuma taɓa tayar da zancen ba har muka bar unguwar. Allah Ya saka masa da alheri, shi da Madam ɗin da ban ma san sunanta ba. Ni dai tun daga ranar, duk taron da na je, kafin in buɗe jakar kyamara sai na nemi mutum mafi kusa na tambaye shi ta ina za a fito.