Shamuwar Da Ta Kai Ni Gaban Mai Unguwa

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da shamuwa ta ja mini abin kunya a Illela ba. Ko ni na so in manta, 'yan kabu-kabun unguwarmu, masu haya da mashin, ba za su bari ba.

Ni mutumin Sakkwato ne, aikin ofis ya kawo ni garin, a nan kuma na yi aure. Likita ne ya fara jawo mini, da ya ce tumbina ya yi yawa, in riƙa tafiya a ƙasa kullum bayan asuba. To, tafiyar da ba kasuwa za ka ba, ba gona ba, gundura gare ta. Sai na fara kallon tsuntsaye don in rage hanya. Tun ina cewa "ga wani fari can", har na iya bambanta balbela da zalɓe, na san kukan kirinjijiya idan na miƙa tafkin Kalmalo ranar hutu. Abu ya yi nisa har na sayo madubin hangen nesa a kasuwar Ƙonni ta Nijar, irin mai ido biyu da ake ratayawa a wuya. (Matata Rabi ta jujjuya shi ta ce, "Mazan mutane in sun tsallaka atamfa suke sayowa, nawa ido ya sayo.")

Da sanyi ya tafi, zafi ya kankama, itatuwa suka fara sabon ganye, sai na ƙwallafa rai a kan abu guda: in riga kowa ganin shamuwar bana. Kowa ya san in ta sauka, damina ta kusa. Wa zai ba ni lada in na riga kowa? Babu. Amma haka na sa wa kaina.

Wata safiya a bakin gari, ta hanyar Amarawa, na hango su. Guda biyu, a ƙololuwar wata tsamiya da ke cikin wani babban gida. Akwai tarin tubali a bayan katangar, na haye, na kafa madubi. Wallahi abin sha'awa! Namijin ya ɗauko kara a baki, ya rusuna wa macen, ita kuma ta karɓa ta yar, kamar ba ta gani ba. Washegari na dawo. Na sake dawowa. Ban taɓa tambayar gidan wa ne ba. Ina ruwana da gida? Ni sama nake kallo.

Rannan ina tsaka da kallo na ji an damƙe wuyan rigata ta baya. 'Yan banga ne, biyu, kowa da gora.

"Malam, mi kaka diba?"

"Tsuntsu," na ce.

Suka kalli juna. "Tsuntsu? Gidan Alhaji Bawa mai canjin sefa kaka diba tsuntsu?"

Sai a lokacin na gane abin da suke nufi. A wannan zamani da ake ciki, a ga baƙo da madubi yana leƙen gidan mai kuɗi da sassafe, sunansa guda ne: infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Kuma wanda aka laƙaba wa sunan nan, ba kullum ake jiran bayaninsa ba. Kafin mu kai ƙofar mai unguwa, jama'a sun biyo mu kamar ana kai amarya, ina jin wani yana rantsuwa wai ya sha ganina ina magana da wasu a daji. (Da balbelu nake magana, in ma ya ji ni.)

Allah ya taimake ni mai unguwa dattijo ne mai haƙuri, ya hana a taɓa ni. Amma da na ɗaga kai a zaurensa, wa zan gani a gefen tabarma? Surukina, mahaifin Rabi, ya zo gaisuwar safe. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi a hanya kwana nake yi. Ga ni a gabansa, hula a karkace, takalmi ƙafa ɗaya.

Alhaji Bawa ya iso yana huci, ya ce tun kwanaki yake ganin ƙyallin gilashi ta bayan katangarsa.

"To, Malam," in ji mai unguwa, "gaya muna. Wane tsuntsu na?"

"Shamuwa, ranka ya daɗe."

"Shamuwa ta zo? Ni ban gane ta ba. In ta zo, mi ad da ita da za a yi ta kallo kullum? Ci akai?"

Nan na shiga bayani. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce namijin haka yake yi: na buɗe hannuwa, na miƙa wuya, na rusuna, na kaɗa kai sau biyu, har da ɗan tsalle. Na tsaya a haka, hannuwa a buɗe, ƙato da ni mai 'ya'ya uku, a gaban surukina. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri kamar mai neman tsari.

Mai unguwa ya ce a tafi a gani da ido. Muka ɗunguma, ni a tsakiya. Ina tafe ina roƙon Allah ya zaunar da tsuntsayen nan. Muka isa. Tsamiya fayau! Ko gashinsu babu. Kwana da kwanaki suna zaune kamar an ɗaure su, sai yau suka ga damar tafiya kiwo.

Na ce akwai sheƙa, a duba. Aka kama mai unguwa aka hayar da shi kan tubalin, na saita masa madubin. Amma hannun tsoho ba ya tsayawa wuri ɗaya. Maimakon sama, sai madubi ya yi ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Subhanallahi. Alhaji, wanga wuri marar rufi, mai bokiti da soso, nan kaka wanka?"

Alhaji Bawa ya ja babbar rigarsa ya rufe ƙirji.

"Awo," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Da wane lokaci?"

"Da sahe." Sai kuma ya fashe: "To daga ina kuka zaton na gane gilashin? Kwana nawa ina wanka da wando, a tsugune, cikin gidana!"

Jama'a suka kwashe da dariya, wani ɗan kabu-kabu har da faɗowa daga kan mashin. Na rantse, na sake rantsewa, ni ban san akwai banɗaki a wurin ba, ban taɓa sauke madubin ƙasa da reshe ba. Wa zai ji? Da na fito daga gida ni ma'aikaci ne mai mutunci, da hantsi na zama infoma, yanzu kuma na koma mai leƙen dattijo yana wanka. Har na rasa wanne ya fi sauƙi.

Surukina ne ya cece ni, in wannan ceto ne. Ya yi gyaran murya, ya ce wa mai unguwa, ba tare da ya dube ni ba:

"Ranka shi daɗe, ni na san shi, ɗiyata yaka aure. Ba infoma ba na, ba ɗan iska ba na. Rashin aikin yi na."

Kowa ya gamsu nan take. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: babu mutum ɗaya da ya yi gardama. Aka sa na ba Alhaji haƙuri, aka hana ni hawa tubalin kowa, taro ya watse.

Muna komawa, surukina na gaba ina binsa a baya, sai inuwa ta gifta a kanmu. Ga su nan su biyu, suna saukowa kan tsamiya a hankali, kamar ba su suka haɗa fitinar ba.

"Baba, ga su can! Wallahi ga su can!"

Bai ko ɗaga kai ba. "Mu tahi gida," ya ce.

Har yanzu ina fita kallon tsuntsaye, sai dai can bakin tafki, inda ba katangar kowa. Kuma na koyi darasi: kafin ka ƙura wa abin da ke sama ido, fara tambaya ko akwai mai wanka a ƙarƙashinsa.