Mai Babur Ya Sayi Mota

Malam Jatau malamin firamare ne a Tudun Wadan Zariya, kuma duk wanda ya san shi a kan babur ya san shi. Shekara goma sha ɗaya yana bisa wani jan babur mai tari kamar tsohon mashayin taba. Maganar mutanen gari ba ta dame shi ba, ta mahaifiyarsa ce ke ci masa rai. Shi ne ɗan farinta, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi. Yana ƙarami "yaron nan" take cewa, da ya girma ya sayi babur sai ta samu sauƙi, ta raɗa masa Mai Babur. Sunan ya bi ƙauyensu na bayan Soba kaf, har yaran da aka haifa jiya. Ga Inna da baki. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, amma in ta yanka maka magana ɗaya sai ka kwana uku kana juya ta.

Duk zuwan da za su yi gida kuwa a rarrabe suke zuwa. Shi a babur da yara biyu, ɗaya kan tanki ɗaya a baya, matarsa Lantana da sauran ukun a motar haya, su iso bayan la'asar a galabaice. Inna ta tsaya a ƙofar zaure ta ce, "Sannu Mai Babur. Yau ma kashi-kashi aka kawo min ku?"

To, bana Allah ya yi. Dillali ya kai shi gaban wata mota 'yar Kwatano ruwan toka, mai kujeru layi uku, ya ce mutum bakwai take ɗauka. Malam Jatau ya lissafa da yatsu: shi, Lantana, 'ya'ya biyar. Bakwai cif, kamar an auna gidansa aka ƙera ta. Ko ƙarƙashinta bai leƙa ba ya ce ya saya.

Daga ranar Malam Jatau ya daina tafiya irin ta mutane, sai dai rangaji. Makullin ba ya shiga aljihu, a yatsa yake kaɗa shi har cikin aji. Da asuba ya wanke ta, da yamma ya goge ta, in tsuntsu ya yi mata kashi ya bi shi da harara har ya ɓace. Duk wanda ya zo taya murna sai ya buɗe masa baya ya nuna masa yadda kujeru biyu ke kwanciya su tashi, ya kwantar, ya tayar, ya sake kwantarwa, har baƙo ya ce yana sauri. Ya kafa doka a gida: ba a shan rake a ciki, ba a ɓare gyaɗa, ba a taɓa gilashi da hannun miya.

Ya kai ta wurin Sallau bakanike aka juye baƙin mai, aka duba birki, aka ƙara wa tayoyi iska. Sallau ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu ya ce, "Malam, inji lafiya lau. Amma ƙafarta ta baya ba ta son nauyi. Bakwai aka ce, to bakwai ɗin. Kada ka bari 'yan unguwa su mayar maka da ita motar kai amarya."

Malam Jatau ya yi dariya har da dukan cinya. "Wa? Ni? Ai ko sauro sai ya nemi izini."

Ana nan sai matar ƙanensa ta haihu a ƙauye, aka sa suna ranar Asabar. Malam Jatau ya ce ga ranar da yake jira. Ya tsara komai a ransa: zai shiga ƙauyen a hankali, gilashi a sauke, gwiwar hannu a waje, ya danna hon sau biyu a ƙofar zaure. Inna ta fito, ta ga su bakwai sun sauko daga mota ɗaya, shi daga mazaunin direba cikin farar babbar riga. In ya so ya ji da wane baki za ta sake cewa Mai Babur. Har gwada fitowar ya yi a tsakar gida, ya ga in ya fara sauke ƙafar hagu ya fi kwarjini.

Don gudun 'yan rakiya, ya ja Lantana gefe ya ce, "Ƙarfe bakwai na safe za mu tashi. Kada kowa ya ji."

"Haba Malam, wa zan gaya wa?"

Ba ta gaya wa kowa ba kuwa, in ban da mahaifiyarta, Hajiya Tabawa, don ba a tafiya ba a sallami uwa ba. Ita ma Hajiya ba ta gaya wa kowa ba, sai dai ta aika maƙwabta a ara mata babban kwando, aka tambaye ta na mene ne.

Ranar Asabar Malam Jatau ya fito yana ƙamshi, babbar riga ta sha guga tana ƙara, sai ya tarar da Baffa Mati, ƙanen mahaifinsa, zaune a dakalin ƙofar gida da jaka a cinya.

"Baffa, ina kwana? Lafiya da sassafe?"

"Lafiya ƙalau. Wucewa na zo yi na ce bari mu gaisa. Af, ashe tafiya za ku yi?"

Wanda ya zo wucewa da jaka da buta da sanda, ai ba a tambayarsa ina za shi. Malam Jatau ya buɗe ƙofar mota ya ce, "Bismilla, Baffa." Ya ce a ransa ba komai, auta ya hau cinyar uwarsa.

Bai rufe ƙofar ba sai ga matan maƙwabta biyu da mayafansu na unguwa, su ma gaisuwa suka zo, kowacce da ƙullin kayan barka. Kafin ya buɗe baki sun gaishe shi, sun yi wa motar addu'a, sun yi wa iyayensa addu'a, sun kwantar da kujerar tsakiya da kansu sun shige baya. Shi ya koya musu yadda ake yi, ranar da suka zo murna.

Yana tsaye yana sake lissafi da yatsu, sai ga Keke Napep ta tsaya. Surukarsa Hajiya Tabawa ta sauko da ƙyar, a bayanta ɗanta Ɗanliti, yayan Lantana, ɗauke da kwandon cincin da tukunyar dambu. Malam Jatau ya zube ƙasa da babbar rigarsa, kai a sunkuye, ya kwashi gaisuwa. Hajiya ta juya fuska gefe ta amsa wa bango, kamar yadda ta saba shekara goma sha biyar.

Aka zo shiga, nan ake yin ta. Hajiya na da ciwon gwiwa, ƙafarta ta dama ba ta lanƙwasuwa. Aka gwada ta a layin tsakiya, ƙafa ta ƙi shiga. Aka juya ta ta ɗaya ƙofar, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Wuri ɗaya ne ƙafar za ta miƙe, kujerar gaba, kusa da direba.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Lantana, zo nan. Wa zai tuƙa?"

"Malam mana, Hajiya."

"La'ilaha illallahu! Ni in zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yata tun daga nan har Soba? A ce me a gari? Ku tafi kawai, na koma gida."

Shi kansa Malam Jatau gumi ya karyo masa. Ya tuna sai ya riƙa kai hannu kusa da gwiwar surukarsa duk lokacin da zai canza giya, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A bar ta ta koma gida kuma, da dambunta da cincin ɗinta, abin da za a yi shekara ana faɗa ne.

Baffa Mati ya leƙo ta taga ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Ba ga Ɗanliti ba? Shekara nawa yana jan motar haya? Ɗa ya zauna kusa da uwarsa, magana ta ƙare."

Kowa ya ce Baffa ya kawo shawara. Malam Jatau ya zare makulli daga yatsa kamar ana zare masa haƙori, ya miƙa. Ya zagaya layin tsakiya, ya tarar da Baffa da Lantana da yara uku da tukunyar dambu. Ya leƙa baya, akwai ɗan wuri kamar tafin hannu, amma tsakanin matan mutane biyu ne, kowacce da ɗaya daga cikin yaransa a cinya. Suka dube shi, ya dube su, suka ja mayafi.

"Kai namiji ne," in ji Baffa. "Ba ga babur ɗinka can a gindin mangwaro ba? Biyo mu a hankali."

Haka aka kama hanya, mota a gaba ta zauna da gindi kamar agwagwa, mai ita a baya yana tari. Ga shi an sha ruwan sama jiya. Ɗanliti kuwa tuƙin haya ya sani, ba ya kauce wa rami, sai dai ya yi bismilla ya faɗa. Duk faɗawa ɗaya sai Malam Jatau ya ji ta a ƙirjinsa, ya tashi tsaye kan babur yana ihu, "Rami! Ɗanliti, rami! Ƙafar baya!" Masu mota suka ɗauka gaisuwa yake, yara suka yi ta ɗago masa hannu ta gilashi.

Ba su yi nisa ba ɓawon rake ya fara fitowa ta taga, ɗaya ya manne masa a hula. A wata mararraba Ɗanliti ya rage gudu, ya zuro kai waje don sabo ya ce, "Soba ɗaya! Soba ɗaya!" Wata tsohuwa mai kaza biyu ta taso, ta leƙa, ashe ƙawar Hajiya ce, sunan za ta ita ma. Kafin babur ya iso an san yadda aka yi da ita, an rufe ƙofa.

Sau ɗaya aka tuna da shi a hanya, lokacin da tayar baya ta yi faci. Nan kowa ban da Hajiya ya sauko ya nemi inuwa, aka ce a jira mai mota, shi ya san inda kayan aikinta suke. Ya tuɓe hula, ya naɗe babbar riga, ya kwanta cikin taɓo ya canza taya, Hajiya na zaune a gaba ta juya fuska gabas don kunya. Yana ɗaure ƙusa ta ƙarshe aka ce sannu, aka shige, aka tashi, tayar da ya ɗaura ta watsa masa ruwan kwata a ƙirji.

Da hantsi motar ta shiga ƙauye, gilashi a sauke, gwiwar Ɗanliti a waje. Ya danna hon sau biyu a ƙofar zaure. Mata suka yi guɗa, Inna ta fito tana gyara ɗaurin zani, ta tsaya tana kallon masu saukowa: Hajiya, Baffa, Lantana, jikoki biyar, mata biyu, tsohuwa, kaji, dambu. Ta rungumi jikokinta, ta dubi Ɗanliti ta ce, "Sannu Mai Mota, Allah ya yi albarka, ka kawo min su a haɗe."

Sai ga tarin babur daga nesa. Malam Jatau ya iso, riga ta koma kalar kunun kanwa, ɓawon rake a hula. Ya kashe babur, ya sauke ƙafar hagu, ya durƙusa.

"Sannu Mai Babur," in ji Inna. "Kai ba su rage maka hanya ba?"

Abin ya zo masa wuya. Ya miƙe yana nuna motar da hannu biyu.

"Inna, motar fa tawa ce! Ni na saya! Mutum bakwai take ɗauka!"

Inna ta dubi motar, ta dubi taron da ya fito daga cikinta, ta dubi ɗanta tun daga hula har takalmi.

"To madalla. In Allah ya sake hore maka, ka nemi mai ɗaukar mai ita."