Ranar da Na Cire wa Haruffa Ƙugiya

Ko tsufa ya kai ni ga neman hular da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a zauren taron ƙungiyar masu lambu ta nan Madarumfa ba. Shugaban ƙungiyar surukina ne, Alhaji Sanusi, mahaifin matata Rabi. Ni kuwa malamin lissafi ne da ya koyi rubuta manhaja da kansa, ya kuma ɗauka daga nan har Maraɗi babu kamarsa.

Wani furoje ne, irin shirye-shiryen tallafin nan, ya ce zai ba masu lambun bakin tafki famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana. Sharaɗin shi ne a auna lambun kowa, a ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa, sannan a nuna jerin sunayen a gaban jama'a. Alhaji ya aiko Rabi ta tambaye ni ko zan iya (magana tsakanina da shi ba ta zuwa kai tsaye, sai ta bi ta hannunta). Na ce ta gaya masa ya ɗauka an gama.

Kuma an gama ɗin. Na rubuta manhajar da harshen Python, na yi amfani da kayan zana tagogi da maɓallai da yake zuwa da su, waɗanda ake kira Tkinter. Tana aiki sumul a kan tsohuwar ordinatar ƙungiya, wato kwamfuta. Suna, gari, girman lambu, sannan a ƙarshen layi ko dai “An ƙare rajista” ko “Da sauran aiki”. Aibinta ɗaya: muni. Komai ruwan toka, maɓallan kamar an jera tubali.

Da na bar ta haka, da yau ba ni da labari. Amma sai na ɗauki hotonta na tura zauren abokan karatunmu a waya, ina jiran yabo. Wani da ke aiki a Yamai ya amsa: “Wanga daga gidan tarihi ka aro shi?” Sauran suka bi shi da hotunan dariya. Ranar ko tuwo bai yi mini daɗi ba.

Na shiga intanet na samo wasu kayan zane na zamani da ake maye gurbin na asalin da su. Kwana shida ina fama, kullum daga tashi lakwal, wato makaranta, har la'asar sakaliya. Tagogi suka zama shuɗaye, kusurwoyi suka lanƙwashe, rubutu ya zama siriri mai ƙayatarwa. Abin da ya fi burge ni wani ɗan tambari ne mai launi da ke fitowa gaban kowane suna yana ɗan tsalle. Sai dai kalma ɗaya kawai yake ɗauka. Don haka na gajarta: wanda ya kammala, koren tambari, “Ƙare”. Wanda bai kammala ba, ja, “Saura”.

Da safen ranar taron na zuba ainihin sunayen a ciki don gwaji na ƙarshe, sai na ga ashe siririn rubutun nan bai san Hausa ba. Duk inda harafi mai ƙugiya yake, ɗan akwati ne ke fitowa. (Kwana shida ina gwaji da sunayen bogi, ina kallon launi, ban taɓa karanta abin da ke cikin tambarin ba.) Gyaran bai fi na minti biyar ba: a canza salon rubutu, shi ke nan. Amma ina son siririn rubutuna. Sai na ƙara layi uku da ke cire wa kowane harafi ƙugiyarsa kafin ya fito. Na duba, sunan garin Ɗan Issa ya koma Dan Issa. Na ce ai haka yake ma a allon bakin hanya. Na rufe ordinatar, na sa babbar riga.

Zauren ya cika. Dattawa a gaba kan kujeru, mata a gefe kan tabarmi, baƙi biyu daga furoje, namiji da wata Madam, a teburi kusa da Alhaji. Na haɗa majigi, hoton ya hau bango, na ji an ce “Kai!” daga baya. Ƙirjina ya buɗe.

Da yake ba kowa ke karanta boko ba, aka ce sakataren ƙungiya ya karanta da ƙarfi. Sakataren shi ne Mushe Idi (haka muke kiran malamin boko a nan), tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda ya koyar da rabin garin nan, har da ni. Mutum ne da bai taɓa karanta abin da ba a rubuta ba. Ya gyara tabarau, ya matsa kusa da bango, ya ɗan tsaya. Ya waiwayo ya dube ni. Na yi masa murmushi na ɗaga kai, wai ya ci gaba.

“Alhaji Sanusi, Madarumfa,” in ji shi. “Kare.”

Koren tambarin ya yi ɗan tsallensa.

“Malam Haruna Liman, Madarumfa. Kare. Hajiya Zali, Sarkin Yamma. Kare.”

“Mi ya ce?” Hajiya Zali ta tambayi ta kusa da ita, da muryar da aka ji har waje.

“Dan Ladi mai tumatir,” Mushe Idi ya ci gaba. “Saura.”

“Alhamdu lillahi!” in ji Ɗan Ladi, ya ɗaga hannu biyu sama. “Mu sauran mutane ne.”

Nan zauren ya fashe. Wani dattijo da ya fara zuwa rajista tun ranar farko ya miƙe da sandarsa: “To, mu da munka yi sammako, wanga ne ladanmu?” Madam ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa zufa ta jiƙa mini riga har gwiwa. Na ce, “Mushe, ƙare ne, ƙare! An ƙare rajista!”

“Ni abin da na gani na karanta,” ya ce, ko a jikinsa. “Ina ƙugiyar?”

Na ruga na kama linzamin ordinatar don in rufe tagar. Sai na danna kan jerin a maimakon maɓallin rufewa. Sabbin kayan zanen, da yake masu hikima ne, suka jera sunayen nan take bisa tambari, korayen duka a sama, Alhaji na farko, suna tsalle tare. A ƙasa kuma, da manyan haruffa, ƙidayar da na yi alfahari da ita kwana shida: “Jimillar kare: arba'in da ɗaya.”

Ban kalli surukina ba, amma na ji lokacin da ya aje carbinsa kan teburi. Na tsugunna na zare wayar kuran, wato ta lantarki, daga bango.

Allah ya sa tsohuwar manhajar na nan a kile, ɗan filashin ajiya, cikin aljihuna. Na mayar da wayar, na kunna ta, ruwan tokarta da tubalanta, kowace ƙugiya a wurinta. Mushe Idi ya sake karantawa daga farko: “Alhaji Sanusi. An ƙare rajista.” Wani daga baya ya ce, “Ya warke.” Baƙin suka karɓi jerin, famfuna kuma sun zo daga baya, ba don ni ba.

Mako biyu ina zagaye unguwar su Alhaji. Rabi ta ce ba za ta ƙara ƙirƙiro mini ciwon kai ba, dole in je gaisuwa. Na je ranar Juma'a, na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin zaure, na yi sallama da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Yana zaune kan buzu yana yankan farce. Bai ɗago ba.

“Shigo mana,” ya ce. “Ba ni cizo.”

Har yau manhajar ƙungiya ruwan toka ce, kuma ban ƙara jin kunyarta ba. Ban ce kada ka yi wa aikinka kwalliya ba. Yi. Amma kafin ka haska shi a bango, nemi mutumin da ya fi kowa taurin kai a garinku ya karanta maka shi da ƙarfi, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, surukinka kuma yana wani gari.