Resista Ɗaya da Ta Kunyata Injiniya

Ko me zan manta na zamanin karatuna a Kaura Namoda, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kare aikinmu na ƙarshe a sashen lantarki ba. Ni da Sa'adatu, wata 'yar Kurya Madaro, aka haɗa. Aikin shi ne mu ƙera na'urar da za ta karɓi sauti na dijital daga bayan dibidi ta waya guda, ta mayar da shi muryar da lasifika za ta fitar.

A lokacin ina ji da kaina sosai. 'Yan aji suna kirana Injiniya (ni na fara kiran kaina da sunan, su kuma suka bi). Don haka na ce wa Sa'adatu ta riƙe rubutu, ni zan riƙe dalma.

Na gama haɗa komai, muka kunna. Maimakon murya, sai wani tsat-tsat-tsat, kalma ta fito rabi ta yanke. Muka ɗora osiloskop, wato na'urar da ke zana siffar sigina a allo. Siginar da ya kamata ta fito da kusurwa tsaf kamar matakalar bene, sai ga ta tana karkarwa a kowace gaɓa, kamar mai zazzaɓi.

"Ka auna resistar da ke bakin shiga?" in ji Sa'adatu, tana nuna 'yar ƙaramar abar nan mai zobban launi da ke rage ƙarfin wuta. "Littafi ya ce in ba ta dace da wayar ba, siginar dawowa take yi kamar amsa-kuwwa."

Na ce, "Ni da na koya wa 'yan aji ɗaya karanta launin resista? Saba'in da biyar ce. Da ido na gan ta."

Daga nan na shiga neman mai laifi. Na ce wutar makaranta ce, muka koma batir, ba ta sake zani ba. Na ce wayar ce, na canza uku. A ƙarshe na yanke hukunci cewa aisin, wannan ɗan baƙin mai ƙafafu da yawa, jabu ne. Sau biyu ina cire shi ina sa sabo, har allon da muke liƙa kayan a kai ya fara ƙonewa. Na sa Sa'adatu ta rubuta shafi huɗu a kan yadda kayan jabu ke kashe fasaha a ƙasar nan. Ta rubuta, amma ba ta ƙara yi mini dariya ba. Mijinta ya riga ya samo mata gurbin ci gaba da karatu, kuma faɗuwa a wannan aiki na nufin shekara guda a banza.

Akwai Malam Isiya mai kula da ɗakin gwaji, dattijo ɗan Shinkafi da ya yi shekaru yana gyaran rediyo a kasuwa. Ya leƙo wata rana ya ce, "Ɗana, mi ad damuwa? In kawo mitar awo?" Na ce masa wannan harkar dijital ce, ba rediyo ba (Allah ya yafe mini). Ya ce, "To, madalla," ya koma kujerarsa.

Ranar karewa, malamai biyar suka zauna, har da baƙon malami daga wata jami'a. Na sha sabuwar shadda. Na kunna, tsat-tsat ɗin ya fito, na gyara tsayuwa na fara jawabi a kan kayan jabu, har da nuni da yatsa. Baƙon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wa ya auna resistar shiga?"

Sa'adatu ta kalli silin.

Aka kira Malam Isiya. Ya zo da mitarsa, ya ɗaga ƙafar resistar ɗaya da ƙarfen dalma, ya ɗora wayoyi biyu, ya juya fuskar mitar wajen malamai. Ɗari bakwai da hamsin. Zoben launi na ƙarshe a jikin resistar, wanda na rantse baƙi ne, ashe ruwan ƙasa ne.

"Ninki goma ka ƙara mata, ɗana," in ji shi a hankali. Ya zaro wata resistar daga aljihun rigarsa, ya liƙa. Bai kai minti biyu ba. Siginar ta miƙe a allo, kusurwa tsaf.

Na ɗauka kunyar ta ƙare ke nan. Sai Sa'adatu ta danna dibidin. Na manta sarai da abin da na naɗa a filashin da muka sa a dibidin tun ranar farko, tunda bai taɓa fitowa da kyau ba. Muryata ta cika ɗakin, garau, ba ko tsat ɗaya:

"Gwaji, gwaji. Wannan muryar Injiniya ce, gwanin gwanaye, wanda Zurmi ba ta taɓa haifar irinsa ba. Malamai, ku miƙe ku tafa!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Shugaban sashe ya kifa kansa a tebur, kafaɗunsa na rawa. Baƙon ya cire tabarau yana share hawaye, ya ce, "To, Injiniya, miƙewa dai ba za mu yi ba. Amma na'ura ta yi aiki."

Suka juya kan Sa'adatu da tambayoyi, ta bayyana musu amsa-kuwwar nan dalla-dalla. Aka ce mu cire shafuka huɗun, mun ci. Da muka fito sai na zauna a dakali ina ta alhamdulillahi. Na ba Sa'adatu haƙuri, ta ce sai ta yi shawara. Malam Isiya kuwa har ƙasa na durƙusa masa.

Yanzu ina da shagon gyara a garinmu Zurmi. Duk abin da aka kawo mini, sai mita ta yi magana kafin ni in buɗe baki. In kuwa zan gwada lasifika, ɗaya, biyu, uku nake ƙirgawa, in yi shiru.