Matar Da Na Kora Daga Ɗakin Inna

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na zama abin kallo a gidanmu na Anka ba, kuma abin haushin, ni na tara 'yan kallon da bakina.

Gashin ƙashi na karanta a jami'a, wato aikin motsa gaɓoɓin wanda ya karye ko ya shanye har Allah Ya sa ya koma amfani da su. Bayan bautar ƙasa na yi shekara biyu ina aiki a wani asibiti a Gummi, ina fama da tsofaffi masu ciwon baya da 'yan kabu-kabun da suka sha ƙasa. Sai na nemi gurbin digiri na biyu a wuri biyu, ina cewa in wannan ta ƙi, wataƙila waccan ta so. Allah da ikonSa duk biyun suka ɗauke ni. Wata jami'a a Legas ta ba ni fannin kula da 'yan wasa. Wata a Kano ta ba ni fannin yara masu larurar ƙwaƙwalwa da jijiya, irin waɗanda ba sa iya zama ko tsayuwa. Kwana goma aka ba ni in amsa ɗaya, ɗayar kuma a ba wani.

Gaskiya ɗaya ce, ni tun kafin in gama karanta takardun zuciyata ta riga ta sauka a Legas. Ina hango kaina a talabijin, ɗan wasa ya faɗi yana birgima, ni kuma na sheƙo a guje da jaka a hannu, 'yan gidan kallon ƙwallo na Anka suna ta nuna ni, ga namu nan. Har rigar wasanni mai ratsin kore na saya a kasuwar Gummi. (Na kuma gwada gudun da jakar sau biyu a bayan asibiti. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.)

Amma ɗa na gari ba ya yanke hukunci bai nemi shawarar gida ba, ko da kuwa ya riga ya yanke. Na ɗauki hutu na tafi Anka, na baje takardun biyu a gaban Inna, na yi ta zuba bayani. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi mini magana, ƙanwata Balki take kallo, ko tukunya, ko akuya. Ranar ma tukunyar ta kalla.

"Allah Shi zaɓa abin da yaf fi alheri," in ji ta.

Shi ke nan. Na tattara takarduna ina cewa a raina, tsohuwa ba ta san bambancin Legas da Kano ba, to me nake jira? Na sa ranar da zan amsa wa Legas, jibi.

Washegari da hantsi Balki ta leƙo ɗakina ta ce an yi baƙi daga wani ƙauye kusa da Bagega, sun ji likitan gashin ƙashi ya zo gida. Na zabura na zaro farar rigar asibiti daga jaka. (Kada ku tambaye ni abin da ya sa mutum zai zo hutu da farar riga. Na zo da ita, har guga na yi mata.) Na ratsa tsakar gida a hankali don matan maƙwabta da suka shigo daka su gan ni da kyau.

A ɗakin Inna na tarar da wata tsohuwa zaune a tabarma, ta kwantar da wata yarinya a gabanta. Yarinyar za ta kai shekara tara, ga idanu masu kyau tana bin kowa da kallo, amma ƙafafunta a miƙe suke a harɗe. Rabi sunanta. A bakin ƙofa kuma wata matashiyar mata ce ta rakuɓe, ta juya mana rabin baya, ta ƙura wa bango ido tana wasa da bakin mayafinta. Ban ma amsa gaisuwarta da kyau ba.

Tsohuwar ta ba ni labari. Lokacin da gubar dalma ta shiga ƙauyukansu, zamanin da maza ke kawo dutsen zinare cikin gida ana niƙawa, Rabi tana rarrafe. Ta yi ta jijjiga tana suma. Sa'o'inta da yawa ba su tashi ba. Ita ta tashi, amma ƙafafun suka sandare.

Na gyara zama na soma tambayoyi kamar yadda aka koya mana.

"Gwaggo, yaushe ta fara zama da kanta?"

Tsohuwar ta waiga bakin ƙofa. Matar can ta yi wa bango ƙus-ƙus.

"Wai tana shekara huɗu," in ji tsohuwar.

"Tana ƙwarewa in tana cin abinci?"

Ta sake waigawa. Aka sake yi wa bango ƙus-ƙus.

"Wai sai in da ruwa-ruwa na."

Haka muka yi ta yi, tambaya biyar, waige biyar. Raina ya soma ɓaci. Na ce a zuciyata, ga 'yar rakiya ta fi mai tafiya zaƙewa. Kuma a makaranta an koya mana cewa sirrin marar lafiya amana ne, duk wanda ba shi da hurumi a fitar da shi. Sai na gyara murya.

"Baiwar Allah, ki ɗan ba mu wuri. Wannan maganar ta iyali ce."

Ta miƙe, ta sa takalmanta, ta fita.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma na hango matan tsakar gida sun ajiye taɓare sun matso bakin ƙofa, sai ilimi ya motsa mini. Na ɗaga murya yadda ta can baya ma za ta ji.

"Gwaggo, ina uwar yarinyar nan? Irin wannan larura uwa ake so ta zo da kanta. Matsalarmu ke nan a ƙasar nan. Mace ta haihu, da ta ga ɗa ya samu nakasa sai ta jefar wa tsohuwa ta kama gabanta. Ko tausayi babu!"

Ɗakin ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka maganata ce ta ratsa su, har wani daɗi nake ji.

Na durƙusa zan nuna gwaninta, na kama gwiwar Rabi zan lanƙwasa. Tun fitar matar nan yarinyar take kallon ƙofa, ina taɓa ta kuwa ta tsandara kuka, jikinta ya ƙage kamar icce. Na gwada dama, ta ƙi. Na gwada hagu, ta ƙi. Na yi mata wasa, na kaɗa mata makullin babur, na yi duk abin da na sani, wanda a lokacin na gane ba shi da yawa. Gumi ya jiƙa farar rigar da na sha wahalar gogewa.

Sai na ji muryar Inna daga bakin murhu, a natse, kamar mai tambayar ko an ba kaji ruwa.

"Balki."

"Na'am, Inna."

"Hwaɗa ma wancan mai hwarar riga, wadda yak kora ita ta haihi ɗiyar. Ɗiyar hwari ta." Ta ɗan tsaya tana gyara itace. "Ki kuma tambaye shi, shi da yas san komi, ko ya taɓa jin na kira sunanai. In jehwarwa ta, shi ma jehwarre na."

Wata daga cikin matan ta toshe baki da mayafi, amma dariyar ta fi ƙarfin mayafin. Balki kuwa, don ta cika aika, sai da ta leƙo ta maimaita mini saƙon kalma bayan kalma, kamar ban ji ba.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ni haifaffen Anka, ni da na tashi a hannun matar da ba ta taɓa haɗa ido da ni a gaban mutane ba, ni ne na ga uwa tana kunyar 'yar fari na kasa ganewa. Shekara biyar a jami'a, abin da kowace yarinya mai tallan gyaɗa ta sani shi ya kayar da ni. Kuma ban tsaya a korarta ba, sai da na zage ta tana ji.

Na cire farar rigar na ajiye, na fita nemanta. Tana zaure a tsaye, ta jingina da bango. Saratu sunanta, daga baya na ji. Na durƙusa har ƙasa.

"Don Allah ki yafe mini. Jahilci ne."

"Ba komi, Likita," ta ce, ba ta kalle ni ba. Idanunta sun yi ja. Kalmar Likitan nan ta fi mari zafi.

Ta dawo ɗakin. Ba ta kalli fuskar Rabi ba, ba ta kira sunanta ba. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta kifa yarinyar a kan cinyoyinta, ta soma jijjiga mata ƙugu a hankali, dama da hagu. Kukan ya tsaya. Can sai na ga ƙafafun nan da suka gagare ni sun saki, ta lanƙwasa gwiwa ɗaya, ta lanƙwasa ɗayar, kamar ba komai. Tsohuwar, wadda ashe surukarta ce, ta ce wata ma'aikaciyar lafiya ce ta nuna wa Saratu sau ɗaya tun lokacin gubar, daga ranar kuma ba ta taɓa tsallake safiya ko maraice ba. Har ƙirare take naɗewa da tsumma ta ɗaura wa ƙafafun, ta tsayar da yarinyar jikin turmi tana riƙe da ƙugunta. Da na duba da idon basira sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Babu gyambo ko ɗaya a jikin Rabi, gaɓoɓinta kuma ba su ƙage sun mutu ba. Wannan aikin shekaru ne, kuma na wadda na ce ba ta da tausayi.

Sai Saratu ta sake yi wa bango magana, amma wannan karon na kasa kunne da kaina.

"Ta yi nauyi yanzu. Ƙahwar ga ta hagu kuma tana karkacewa ciki. Mi za ni yi?"

Na duba ƙafar. Na lalubi kaina, na tuna 'yan makonnin da muka yi a sashen yara, waɗanda na ƙarar ina duba sakamakon ƙwallo a waya. Na so in kawo wata doguwar kalmar turanci in fake a bayanta, amma kunyar ranar ta riga ta ishe ni.

"Ban sani ba," na ce.

Ta shafa ƙafar da hannunta. Sannan ta ce, "To wa yas sani?"

Ba gori take yi mini ba. Tambaya ce ta gaskiya, tana so a faɗa mata inda za ta je. Na shiga lissafo wurare a raina, daga Anka zuwa Bukkuyum zuwa Gummi, ban tuno kowa ba. 'Yan wasan Legas kuwa, ko na je ko ban je ba, akwai masu rige-rigen sheƙawa da jaka.

Da la'asar na amsa wa Kano. Da na faɗa a tsakar gida, Inna ta dubi akuya ta ce Allah Shi sa albarka.

Karatun bai zo da sauƙi ba, kuma ba zan yi ƙarya ba, duk ranar da na ga mai jaka ya ruga cikin fili a talabijin sai na ɗan ji wani abu. Amma tun a zangon farko na kai hoton ƙafar Rabi wurin malamarmu, aka haɗa su da masu yin takalmin gyaran ƙafa. Duk hutu kuma nakan hau babur in je ƙauyen, in kai abin da na koyo, in kuma koyo abin da ba ya cikin littafi. Yau Rabi tana takawa daga ɗaki zuwa bakin zaure da wani keken koyon tafiya na katako da kafinta ya ƙera mana a Anka. Ba gudu take yi ba, takan huta sau biyu a hanya. Ranar da ta fara isa zauren, kowa ya yi ta guɗa, Saratu kuwa ta juya ta shige madafa wai tuwonta zai ƙone. Babu wuta a murhun.

Sai bayan na gama karatun Balki ta tona mini asiri. Ashe baƙin nan ba jin labarina suka yi ba. Ranar da na baje takardu ina zuba, ina fita Inna ta aika a kira su, don ta daɗe da sanin Saratu ta wajen wata 'yar uwarta. Tsohuwar da na ce ba ta san bambancin Legas da Kano ba ta ba ni shawararta cikakkiya, ba tare da ta ce mini ko kalma ɗaya ba. Na je na durƙusa na yi mata godiya. Ta ce da Balki, "Mi wanga ka hwaɗi? Ce mai shi tashi, ya tare min haske."

Rigar wasannin tana nan. Inna ke rufe kwandon kaji da ita in ana ruwa, kuma ta ce tana da kyau.

Darasin da na koya dai shi ne, in an kawo mini yaro yanzu, ba na fara tambayar wadda ta rungumo shi. Nakan duba bakin ƙofa, in nemi wadda ta ƙura wa bango ido kamar ba ruwanta, in ja kujera kusa da ita, in juya ni ma in kalli bangon, sannan in ce, "Baiwar Allah, koya mini."